Yara 103 da Jirgin da Bai Tashi Daga Abeche Ba

Filin jirgin saman Vatry yana gabas da birnin Faris, tafiyar kilomita kusan 150, kuma an fi saninsa da jigilar kaya fiye da ta fasinja. Amma ranar Alhamis 25 ga Oktoba 2007 ya cika da iyalai daga sassa daban-daban na Faransa. Tarbar yara suka zo yi. An gaya musu cewa wani jirgi zai taso daga gabashin Chadi ɗauke da marayun yaƙin Darfur, kowane gida ya tafi da nasa. Sun yi watanni suna shiri, an gyara ɗaki, an tanadi kayan sanyi tunda hunturu ya kawo kai. Sun san ba jarirai za a kawo musu ba. Yara ne da suka fara wayo, masu tafiya da ƙafarsu, masu magana da harshen da babu wanda ya iya a gidajen da za su sauka. Duk da haka sun ce sun ji sun gani.

Jirgin bai iso ba. Abin da ya iso shi ne labarin cewa 'yan sandan Chadi sun tare ayarin a garin Abeche tun da sassafe, kafin ko yaro ɗaya ya hau. An kama Faransawa 9, shida ma'aikatan ƙungiyar da ta shirya tafiyar, uku 'yan jarida. An haɗa da ma'aikatan jirgin su 7 'yan Sifaniya, daga baya kuma aka ƙara da wani dattijo ɗan Beljiyam, matuƙin ƙaramin jirgin da ya riƙa kwaso yaran daga bakin iyaka. Yaran da aka samu a hannunsu 103 ne, maza 82, mata 21, daga mai shekara ɗaya zuwa mai goma.

A Vatry wasu suka fashe da kuka, wasu suka hau faɗa. Amsar da ta fara zuwa bakinsu ita ce gwamnatin Chadi ta ci amanar masu aikin ceto. Ga yara marayu, ga marasa lafiya da bandeji a jiki, ga gidajen da suka buɗe musu ƙofa, wane irin rashin imani ne zai sa a hana su tafiya? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a warware ta a rana ɗaya ba. Sai da aka bi zaren daki-daki.

Zaren ya faro ne daga su kansu iyalan. A Faransa mutum ba ya wayar gari ya ce zai ɗauki yaro ya mayar da shi ɗansa a hukumance. Sai ya nemi takardar amincewa daga hukumar yankinsa. Ma'aikatan walwalar jama'a su zo su duba gida, a binciki abin da yake samu, masana halayyar ɗan Adam su zauna da miji da mata su yi ta tambayoyi. Doka ta ware wa wannan bincike wata 9, takardar kuma shekara 5 take aiki. Samun ta ba samun yaro ba ne, shiga layi ne kawai. A wancan lokaci masu riƙe da irin wannan takarda sun haura 25,000, alhali yaran da aka shigo da su daga ƙasashen waje a 2005 ba su wuce 4,100 da 'yan kai ba, a 2007 ma suka ragu zuwa 3,100 da wani abu. Akwai waɗanda takardarsu ke mutuwa a hannu ba a kira su ba. Shi ya sa da yawa ke faɗaɗa buƙatarsu, su ce ba sai jariri ba, sun yarda da ɗan shekara biyar ko bakwai, ko wa da ƙani a haɗe, ko Allah zai sa layin ya matsa.

Ba duk waɗanda suka je Vatry ne ke cikin wannan layi ba. Wasu suna da 'ya'yansu, tausayin abin da suke gani a talabijin ne ya kawo su. Amma ga wanda ya shekara uku ko huɗu yana zuba ido ga waya, a zo a ce masa nan da 'yan watanni yaro zai kwana a gidanka, kuma ransa ka ceta, wannan magana ce da ke da wuyar turewa. Ni dai ban ga dalilin yi wa mutanen nan dariya ba. Ƙishin ɗa abu ne da kowane Bahaushe ya san zafinsa a danginsa ko a maƙwabta.

Wanda ya yi musu alkawarin shi ne Eric Breteau, ɗan kwana-kwana na sa kai, wanda ya kafa ƙungiyar L'Arche de Zoé bayan ambaliyar tsunami ta Disamba 2004, ya yi aikin agaji a Indonesiya. A ƙarshen Afrilu 2007 ƙungiyar ta shelanta cewa za ta kwashe marayu 10,000 daga Darfur zuwa Turai da Amurka. Yaƙin Darfur ya faro tun 2003, 'yan gudun hijira sama da 200,000 sun tsallako gabashin Chadi, duniya kuma ta gaji da jin taro da sanarwa ba tare da an ga komai a ƙasa ba. Breteau ya zo da maganar da ke shiga zuciya: yara na mutuwa, manya na surutu, mu za mu je mu ɗauko su. Iyalai sama da 300 suka ba da kuɗi, kowane gida wajen yuro 2,000, wasu ma fiye.

Nan ne alamar farko ta ɓullo. Tun watanni kafin tafiyar, ma'aikatar harkokin wajen Faransa ta ja kunnen iyalai a kan shirin, ta ce babu tabbacin yana bisa doka. Sannan da 'yan ƙungiyar suka sauka Chadi, ba da sunan da aka san su da shi a Faransa suka yi rajista ba. Sun kira kansu Children Rescue, suka ce sun zo buɗe cibiyar kula da yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita, a nan cikin Chadi. Da wannan suna suka sami izinin hukuma, da shi ma har jiragen sojan Faransa da ke ƙasar suka riƙa rage musu hanya. Ma'aikata 'yan ƙasa da suka ɗauka, masu reno da masu dafa abinci da direbobi, ba a gaya musu cewa akwai wani jirgi da zai nufi Turai ba. Wanda ke da gaskiya a hannu me zai sa ya ɓoye wa mai yi wa yaran wanka inda za a kai su?

Ana iya cewa dabara ce ta kauce wa jami'an da za su kawo cikas, kuma haka magoya bayan ƙungiyar suka ce. To amma sai ga maganar bandejin. An nemi izinin tashin jirgin, samfurin Boeing 757 da aka yi haya daga kamfanin Girjet na Sifaniya, da sunan kwashe marasa lafiya zuwa asibiti. Waɗanda suka fara ganin yaran bayan kamen sun tarar da wasu an naɗe musu kai ko hannu. Da aka warware, fata lafiya lau, babu ko ƙwarzane. Ɗaya daga cikin 'yan jaridar da aka kama, Marc Garmirian na kamfanin Capa, ya riga ya ɗauki hoton bidiyo na shirin tafiyar, aka kuma nuna shi a talabijin a Faransa bayan an sako shi. A ciki ana ganin ma'aikatan ƙungiyar suna naɗa wa yara masu ƙoshin lafiya bandeji, suna ɗiga wani ruwa mai duhu a kai don ya yi kama da jinin rauni. Da hannunsu suka yi, a gaban kyamara, ba tare da alamar suna ganin laifi a ciki ba. Likitocin da suka duba yaran daga baya ba su sami wanda ke bakin mutuwa ba.

Ke nan ƙaryar rashin lafiya ta faɗi. Da ta faɗi kuwa, sai zargi ya yi tsalle zuwa ɗaya ƙarshen. Shugaba Idriss Déby ya je Abeche ya ga yaran da idonsa, ya fito a fusace yana tambaya ko sayar da su za a yi ga masu lalata da ƙananan yara, ko kuwa sassan jikinsu ake so. Maganar ta bazu kamar wutar daji, aka yi zanga-zanga a Abeche da Njamena, har aka jefi motocin Turawa. Fushin yana da tushe, domin mutanen wannan yanki ba su manta da zamanin da ake kwasar 'ya'yansu a bi da su hamada ba. Amma binciken da aka yi a Chadi da Faransa bai gano wata kasuwar sassan jiki ko gidan lalata ba. Iyalan da ke Vatry na gaske ne, ɗakunan da suka gyara na gaske ne. Don haka amsa ta biyu ma ba ta tsaya ba.

Saura babbar tambaya: yaran nan 'ya'yan wa ne?

Ba takarda ce ta amsa ta ba, domin babu takardar haihuwa ko fasfo da za a dogara da shi. Yaran ne suka amsa da bakinsu. An ajiye su a gidan marayu na Abeche, ma'aikatan UNICEF da na hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya da na ƙungiyar Red Cross ta duniya suka yi kwanaki suna zama da su. Aikin neman dangi ba ya son gaggawa. A samo mai jin harshen yaro, a bari ya ci ya ƙoshi, hankalinsa ya kwanta, sannan a fara a hankali: yaya sunanka, wa ye babanka, wa ke dafa muku abinci, ina kuke ɗebo ruwa, wa ye mai garinku. A ɗauki hotonsa, a rubuta abin da ya faɗa, gobe a sake tambaya a ga ko maganar ta sauya. Jariri ba shi da abin cewa, duk labarin da aka rubuta a kansa shi zai bi shi har girma. Ɗan shekara biyar kuwa ya san sunan uwarsa, ya san ƙauyensu, ya san wanda ya riƙo hannunsa ya kawo shi. Waɗanda suka fi wayo sukan nuna ƙannensu a cikin taron su ce wannan ɗakinmu ɗaya.

Ranar 1 ga Nuwamba, mako guda da kamen, hukumomin uku suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa. Yara 91 cikin 103 sun yi maganar gida da akwai aƙalla babba ɗaya da suke ɗauka a matsayin uwa ko uba. Sauran 12 ana ci gaba da sauraronsu. Mafi yawansu kuma daga ƙauyukan da ke kewayen Adre da Tine suka fito, a yankin iyakar Chadi da Sudan. Bincike na gaba ya tabbatar da cewa galibinsu 'yan Chadi ne. Ba a jima ba iyaye suka fara isowa Abeche da ƙafarsu, suna tsayawa a ƙofar gidan marayun suna neman a nuna musu 'ya'yansu.

Wannan ya buɗe wata tambayar da ta fi ta farko ɗaure kai ga Bafaranshe, ko da yake ga mai karatu a Kano ko Damagaram ba ta da wuya. In iyayen suna raye, me ya sa suka saki 'ya'yansu ga baƙi?

Abin da iyayen suka faɗa kusan iri ɗaya ne. Wasu mutane, 'yan ƙasa da suka san yankin, sun zo ƙauye sun sami masu gari da iyaye, suka ce Turawa sun buɗe makaranta a Adre ko Abeche. Za a koya wa yara karatu, a ciyar da su, a yi musu magani, iyaye kuma su riƙa zuwa dubiya. Ƙauyukan nan na Masalit da Zagawa da maƙwabtansu ba su da makaranta ta kirki, hare-haren mahaya daga tsallaken iyaka sun hana noma da kiwo sakat. Uba ya ji an ce ɗansa zai yi karatu a gari mai nisan yini guda, sai ya ce a tafi da shi. Abin da muke yi ke nan idan muka ba ƙanwar uba riƙon yarinya, ko muka danƙa yaro a hannun malam ya tafi da shi gabas neman karatu. Yaro ya bar gida, amma sunan ubansa na nan, gadonsa na nan, ranar salla ana sa ran ganinsa. Babu uban da ke ba da riƙo yana nufin ya yanke igiyar da ke tsakaninsa da ɗansa. Wannan hanya ta Abeche zuwa Adre zuwa Janaina ma ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce alhazan ƙasar Hausa suka riƙa bi da ƙafa zuwa Makka, al'adun mutanenta kuma ba su yi nisa da namu ba. Babu wanda ya ce wa iyayen nan Faransa. Alkawarin makarantar ne ya sa akasarin yaran maza ne, domin namiji aka fi saki ya tafi karatu.

A kotu Breteau da abokiyar zamansa Emilie Lelouch sun tsaya a kan cewa su ma yaudararsu aka yi, 'yan tsakani ne suka kawo musu yara suka rantse marayun Darfur ne. 'Yan tsakanin kuma suka ce su ba a taɓa gaya musu za a fita da yaran daga ƙasa ba. Mai yiwuwa kowane ɓangare ya faɗi wani yanki na gaskiya. Amma a ganina wannan ba ya wanke ƙungiyar. Mutumin da ya ce wa jama'a makaranta ya buɗe, dole masu son 'ya'yansu su yi karatu su kawo masa 'ya'yansu. Ƙaryar da ya yi don ya ɓoye jirgin ita ce ta cika masa gida da yara masu iyaye. Kuma yaran sun yi makonni a hannunsu. Abin da ma'aikatan agaji suka gano cikin kwana bakwai da tafinta da haƙuri, su ma da sun so ji da sun ji.

Akwai sauran ƙulli ɗaya, wanda ya shafi masu jira a Vatry kai tsaye. A ce jirgin ya tashi ya sauka lafiya, a ce kuma yaran marayun Darfur ne da gaske, shin za su zama 'ya'yan waɗannan gidaje? Dokar Sudan, bisa tsarin shari'ar Musulunci, ba ta yarda a mayar da ɗan wani ɗanka a sauya masa nasaba ba. Kafala ta sani, wato ka ɗauki nauyin yaro yana riƙe da sunan ubansa. Dokar Faransa kuma tun 2001 ta hana alƙali ya amince da ɗaukar yaron da dokar ƙasarsa ta haramta hakan, sai in a Faransa aka haife shi kuma a can yake zaune. Shi ya sa ƙungiyar ta riƙa kiran iyalan masu masauki, shirinta kuma shi ne yaran su sauka ba biza, a nema musu mafaka, sauran a bar wa lokaci. Da yawa cikin iyalan sun saka rai cewa masaukin zai rikiɗe ya zama riƙo na dindindin. Kuɗinsu da watanninsu sun tafi ne a kan abin da doka ta riga ta toshe.

Jiran da suka so su tsallake kuwa, akwai abin da ake yi a cikinsa. Yarjejeniyar Hague ta 1993, wadda Faransa ta shiga a 1998, ta ce kafin a fitar da yaro sai hukumar ƙasarsa ta tabbatar ya cancanci a ba da shi, an duba ko akwai mai riƙe shi a gida an rasa, iyaye ko waliyyai sun yarda bayan an fahimtar da su cewa rabuwar ta har abada ce, ba a ba su kuɗi ba, kuma in yaron ya yi wayo an ji ta bakinsa. Chadi da Sudan ba sa cikin yarjejeniyar a lokacin, amma tambayoyin nan ba sai da sa hannun gwamnati ake yin su ba. Gaskiya ne wani jinkirin lalacin ofis ne kawai, fayil ya kwana a tebur wata shida ba dalili, kuma yaron da ke gidan marayu yana ƙara shekaru a banza. Amma wannan ɓangare na neman dangi da sauraron yaro ba ya cikin abin da za a rage.

Daga nan siyasa ta karɓi ragamar. Ranar 4 ga Nuwamba shugaba Nicolas Sarkozy ya sauka Njamena da kansa, ya koma da 'yan jaridar uku da mata huɗu ma'aikatan jirgin. Kwana biyu bayan haka ya ce zai je ya ɗauko sauran ko me suka aikata, maganar da ta ƙona ran 'yan Chadi ƙwarai. An yi shari'ar cikin 'yan kwanaki, ranar 26 ga Disamba kotun Njamena ta yanke wa mutum shidan ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani, da diyyar sefa miliyan 40 kan kowane yaro, jimilla sefa biliyan 4.12. 'Yan tsakani biyu, ɗan Chadi da ɗan Sudan, suka sami shekara huɗu-huɗu. Kwana biyu da hukuncin aka mayar da Faransawan gida don su yi zaman kurkukun a can, bisa yarjejeniyar shari'a ta 1976 tsakanin ƙasashen biyu. A farkon Fabrairu 2008 'yan tawaye suka kutsa Njamena har kusa da fadar shugaban ƙasa, Faransa ta tsaya wa Déby, ya tsira. Ranar 31 ga Maris ya yi wa mutum shidan afuwa, a ranar aka buɗe musu kurkuku.

Su kuwa yaran, sai a tsakiyar watan Maris ɗin aka fara mayar da su gida, mafi yawa zuwa Adre. Kusan wata biyar suka yi a gidan marayun Abeche, ana tantance wanda ya zo da da'awar yaro, ana jiran sa hannun hukuma, ga yaƙi ya tsayar da komai. Uwar da ta saki ɗanta da damina don ya je makaranta ba ta sake kwana ɗaki ɗaya da shi ba sai da bazara ta kama.

Afuwar Déby ba ta shafe diyyar ba. Chadi ta nemi a biya, firaministan Faransa François Fillon ya ce ba za a taɓa kuɗin masu biyan haraji a kan laifin da gwamnati ba ta aikata ba, waɗanda aka yanke wa hukuncin kuma suka ce ba su da shi. Breteau da Lelouch suka koma Afirka ta Kudu da zama. A Fabrairu 2013 wata kotun Faris ta yanke musu shekara 3, biyu a kurkuku, da tarar yuro 50,000 kowannensu, aka kama su a zauren kotun. Shekara guda bayan haka kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na shekara 2. Ta wanke su daga tuhumar yunƙurin shigo da yara ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, ta tabbatar musu da laifi biyu: shiga tsakani a harkar ɗaukar yara ba tare da izini ba, da damfarar iyalan Faransa da suka biya kuɗi.